Mun kai Baba sabon gida, jikinsa kuma sai baya yake yi: kewa tana kwantar da tsoho?

Wani ɗan'uwa a nan Kumasi ne ya yi tambayar, ga ta a taƙaice: "Mahaifina shekararsa 78, tsohon ɗan kasuwar goro ne, duk rayuwarsa a unguwar Aboabo ya yi ta. Yau wata takwas da rasuwar Mma. Bayan addu'ar arba'in na ɗauke shi na kai shi gidan da na gina a Kenyase, ɗakinsa daban da banɗaki a ciki, ga talabijin, ga abinci sau uku, magani ba ya yankewa. Amma kullum ramewa yake, ya rage magana, barcin rana ya yi yawa, hawan jininsa ya ƙi sauka, ga mantuwa ta fara. An yi gwaji a asibiti ba a ga sabon ciwo ba. Gwaggona ta ce kewa ce. Da gaske kewa tana yi wa mutum haka?"

Ƙanena, Allah ya jiƙan Mma, ya haskaka kabarinta, kai kuma ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar Baba. Gwaggonka ta faɗi gaskiya. Na haura shekara 20 ina aikin jinya a garin nan, yawancinsu a ɗakin da ake duba masu hawan jini da ciwon suga, kuma abin da ka kwatanta na sha ganinsa, har nakan gane shi tun daga yadda tsoho yake zaune a benci kafin a kira sunansa. Kewa tana kwantar da mutum, a jiki nake nufi. Sai dai kada ka ce "ai kewa ce" ka naɗe hannu, akwai abubuwan da dole a duba, zan zo kansu.

Ka fara zama ka ƙirga mutanen da Baba yake gaisawa da su a yini ɗaya lokacin yana Aboabo. Da asuba akwai wanda suke jera kafaɗa da shi a sahun gaba, wataƙila shekara 30 ke nan. Akwai mai koko da ta san nasa ba a sa sukari. Da hantsi ya fito benci a ƙofar gida, wannan ya kawo masa rigimar haya, wancan ya zo neman ya shige gaba wajen tambayar aure, 'yan makarantar allo su durƙusa su wuce. In an yi rasuwa yana cikin masu raka gawa maƙabartar Tafo. Da la'asar ana dafa ataya, ana musu a kan farashin goro na shekarun da ba a haife ka ba. Da dare ga Mma, wadda ko ba ta ce komai ba motsinta a tsakar gida hira ce. Yanzu sai ka ƙirga na Kenyase. Kai da maiɗakinka kun fita tun da sassafe don ku riga cunkoson hanya, yara sun tafi makaranta, an ja ƙofar ƙarfe an rufe. Ko da Baba yana jin Tonanci, yaren Asante, kamar ɗan gari, maƙwabcin da ke bayan katanga bai san shi yana saurayi ba, bai san wane ne shi ba. A cikin kwana 40 ya rasa matarsa, sannan ya rasa unguwarsa.

Wannan lissafin da ka yi, masana sun yi irinsa da gwaji. A 1997 wani mai bincike a Amurka, Sheldon Cohen, ya wallafa sakamakon aikin da ya yi da mutum 276 masu lafiya. Ya fara tambayar kowa irin alaƙoƙin da yake da su: abokin aure, iyaye, 'ya'ya, surukai, maƙwabta, abokai, abokan aiki, 'yan wurin ibada, da sauransu. Daga nan aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci, aka keɓe su ana kallo. Masu alaƙa iri 1 zuwa 3 sun ninka masu iri 6 ko fiye wajen kamuwa da mura har sau huɗu. Mutanen nan ba tsofaffi ba ne, amma abin da nake so ka riƙe shi ne, irin alaƙar aka ƙirga, ba yawan kawuna ba. Baba yana da iri shida ko bakwai a Aboabo. Yau saura ɗaya, wato ku 'ya'yansa da jikoki. Kuna ƙaunarsa, amma ɗa ba ya zama aboki. Akwai maganar da tsoho ba zai taɓa yi da ɗan cikinsa ba, akwai dariyar da sai da sa'ansa.

Sauran binciken ma hanya ɗaya suka nuna. A 2010 Farfesa Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara bincike 148 da suka shafi mutum sama da dubu 300, waɗanda aka bi rayuwarsu kimanin shekara bakwai da rabi. Masu ƙarfin zumunci sun fi marasa shi damar kasancewa a raye da kashi 50 cikin 100. A 2016 masu bincike a Birtaniya sun samu cewa kaɗaici da keɓewa suna tafiya da ƙarin haɗarin ciwon zuciya da kashi 29, na shanyewar ɓarin jiki da kashi 32. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rahotonta na watan Yunin 2025 ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, ta danganta shi da mutuwar mutum kusan dubu 871 a kowace shekara. Mai hankali zai ce, to wataƙila ciwon ne ya hana su fita tun farko. Haka ne, abin yana tafiya gaba da baya, ciwo ya kawo kaɗaici, kaɗaici ya ƙara ciwo. Amma a aikin 2010 ɗin nan an duba lafiyar da mutane suka fara da ita, bambancin bai ɓace ba.

Akwai wanda ya fi kusa da halin Baba. A 1969 aka wallafa wani bincike a Birtaniya kan maza 4,486 'yan shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A wata shida na farko, mace-macensu ya haura na sa'o'insu masu mata da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi ɗaukarsu. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma sababi ma shi ya halitta, ya ce a kiyaye.

Ta yaya kewa take shiga jiki? Mutumin da yake jin ba shi da kowa, jikinsa yana zama kamar na mai gadin dare, kullum a shirye. Sinadaran fargaba irin su kotizol suna yawaita, jijiyoyin jini su takure, awon jini ya hau. Barcin dare ya zama guntu-guntu, shi ya sa kake ganin gyangyaɗin rana. Garkuwar jiki ta karkata zuwa wani kumburi na ɓoye da yake cin jijiyoyi a hankali. Wannan ta ciki ke nan. Ta waje ta fi sauƙin gani, kuma ni ita ta fi damuna. Tsohon da aka ajiye wa kwano a ɗaki aka fita ba ya cin rabin abin da zai ci da hannu biyu ne a kwanon. Wanda ya daina tafiya masallaci sau biyar ya rasa motsa jikin da yake yi bai ma san yana yi ba, naman cinya ya zube, tashi daga tabarma ya zama aiki, faɗuwa ta matso. Mma ce take cewa "Alhaji, ka sha maganinka?" Yanzu maganin yana nan, amma mai tambayar babu. Ka zazzage ledar ka ƙirga ƙwayoyin, ka gani ko sun yi daidai da kwanakin. Sau da yawa jinin da "ya ƙi sauka" a nan amsarsa take. In kuma yana shan maganin suga ko allurar insulin alhali cinsa ya ragu, wannan haɗari ne na gaggawa, sugansa yana iya faɗuwa ya ruɗe ko ya suma. A faɗa wa likita cewa cin abincinsa ya ragu, kada ku canja awon magani da kanku.

Ni ma na yi wannan kuskuren ina sabuwar shiga aiki. Akwai wani dattijo da yake zuwa mana duk wata, jininsa a sama, mu kuma mu rubuta, a ƙara masa ƙwaya, a sallame shi. Wata shida muna haka ban taɓa tambayarsa da wa yake cin tuwo ba. Ranar da na tambaya, shiru ya yi, sannan ya ce da rediyo. Tun daga ranar ba na barin tsoho ya tashi daga gabana sai na ji wa ya gani jiya.

Yanzu ga abin da nake so ka kai wa likita, domin sau da yawa abin da yake raba tsoho da mutane ƙaramin abu ne mai magani, kunya ce take ɓoye shi.

Kunne na farko. Tsohon da jinsa ya ragu yana zaune cikin taro amma shi kaɗai ne. Ya ce "na'am?" sau biyu, na uku ya ga an fara gajiya, sai ya koma gyaɗa kai da murmushi, daga nan ya daina fitowa. Iyali kuma su ce Baba ya fara mantuwa, alhali bai ji abin da aka faɗa ba ne tun farko. Wani lokaci dattin kunne ne ya taru ya toshe, a wanke a asibiti cikin ɗan lokaci, kada dai a sa tsinke ko gashin kaza. Wani lokaci sai da na'urar ji. A asibitin Komfo Anokye ana awon ji, ana kuma duba ido. Yanar ido aiki ne ɗan ƙarami, na ga tsofaffin da suka koma karatun Alƙur'ani da gane fuskar mai gaishe su bayan an cire ta. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa. Raunin ji yana ciki, raunin gani yana ciki, keɓewa daga mutane, ciwon damuwa, hawan jini da suga duk suna ciki. Ka ga da yawa daga jerin nan a ɗakin Baba suke.

Sai fitsari, wanda babu mai son faɗa. Wani Alhaji da na sani ya bar jam'i kusan shekara guda, har abokansa suka fara zargin ko ya yi fushi da liman ne. Sai da ɗansa ya fita na rufe ƙofa, sannan ya ce mini, idonsa a ƙasa, "'Yata, alwalata ba ta tsayawa." Furostet ce, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kumbura, fitsari yana ɗiga, ga shi yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari da yamma. Likita ya duba shi ya ba shi magani, aka mayar da ƙwayar fitsarin zuwa safe, malaminsa kuma ya yi masa bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari. Wata biyu bayan nan ya zo awo da sauri, wai kada ya rasa azahar. Baba ba zai faɗa maka irin wannan ba. Ka nemi likita ko nas namiji ya tambaye shi, kai kana waje. Haka ciwon gwiwa, haka haƙori. Wanda ba ya iya tauna nama yakan ƙi zuwa walima ba tare da ya faɗi dalili ba.

Ramar ma kada a ɗora ta duka a kan kewa. A auna nauyinsa duk wata a rubuta. In yana ci gaba da sauka, a sake duba suga, ƙarancin jini, tarin fuka, maƙoƙo, da abin da likita ya ga ya dace. Ya haura 70, don haka ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya, amma katin yana mutuwa in ba a sabunta ba, ana yi ta waya da *929#. Kuma ina roƙonka, kada wani ya sayo masa maganin barci a kemis. Irin su diyazifam suna ƙara wa tsoho ruɗewa, suna kayar da shi a banɗaki.

Game da mantuwar, abu uku ne suke kama da juna a ido. Ciwon mantuwa na tsufa a hankali yake zuwa, cikin shekaru. Ciwon damuwa yana iya zuwa cikin watanni bayan rashi, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so, ya farka tun tsakar dare, in an tambaye shi abu ya ce "ban sani ba" don ba shi da ƙarfin tunawa. Wannan yana warkewa, akwai nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin gunduma, zuwa wurinsu kuma ba hauka ba ne. In kana jin Baba yana yawan cewa gara ya bi Mma, tare da ƙin abinci ko magani, kada ka ce masa "haba Baba, daina faɗin haka" ka wuce. Ka zauna ka saurare shi, ka kai shi a makon. Na uku shi ne ruɗewar farat ɗaya, jiya lafiya lau, yau bai san inda yake ba. Wannan, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko sarƙewar magana, ba a jira gari ya waye. A kira 112 ko a sa shi a mota nan take.

To me za ka yi? Ka fara tambayarsa inda yake so ya zauna, tambaya ta gaske, ba wadda ka riga ka shirya amsarta ba. Na san abin da kake tsoro, kada a ce ka gina gida ka bar mahaifinka a tsohon ɗaki mai banɗakin haɗaka. Amma na ga tsofaffi da yawa da suka fi lafiya a ɗaki ɗaya cikin gidan haya mai hayaniya fiye da yadda suke a gida mai tayil. In ɗakinsa na Aboabo yana nan kuma akwai mai kwana kusa da shi, jika ko ɗan ƙane, a gyara ƙasan banɗaki kada ya yi santsi, a sa ƙarfen riƙewa da fitila, ya koma, ku ku riƙa zuwa. In hakan ba zai yiwu ba, a raba mako. Abin da yake aiki shi ne abin da ba ya tashi: rana sananniya, lokaci sananne, mutum sananne. Ka yi ciniki da mai pragiya, wato keke mai ƙafa uku, ko tasi ɗaya da ka yarda da shi, Litinin da Alhamis da Juma'a ya kai shi benci ya dawo da shi. Tsohon da ya san gobe Alhamis zai fita, yau yakan nemi a wanke masa riga, ya kira wanzami. Taron mutum hamsin ranar Sallah ba ya yin abin da wannan yake yi.

Ka kuma ba shi aiki. Mun saba ɗaukar hutu a matsayin girmamawa, "Baba zauna, Baba bari," har mu raba mutum da duk abin da yake sa a neme shi. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya koyar da kakanni mata yadda za su zauna a benci kusa da asibiti su saurari masu fama da yawan tunani, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna masu zuwa wurinsu sun sami sauƙi ƙwarai. Mu a zango bencin nan muna da shi tun kaka da kakanni, sai dai muna ta kwashe masu zama a kai. Bari jikoki su riƙa biya masa hadda bayan magariba. Ka kawo masa shawarar kasuwancinka, ka kuma bi wata daga ciki. Kuɗin cefane ko na zumunci su riƙa bi ta hannunsa, shi ya miƙa. In za a je gaisuwar rasuwa ko suna, shi ne a gaba. Kuma ko sau ɗaya a yini wani ya wanke hannu ya sa a kwanonsa, waya a aljihu.

Waya tana taimakawa, musamman ga 'yan'uwanka da ke waje, amma a sa mata lokaci, kuma kada kiran ya tsaya a "ya jiki, an ga kuɗin da na turo ta waya?" A tambaye shi labari, a bar shi ya ja shi. Ba a banza ba Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

Maganar aure kuwa, in shi ya ɗago ta, kada ku tare shi da kishin Mma ko lissafin gado. Na ga dattawan da sabon aure ya tashe su tsaye. Sai dai a nemi wadda za su yi hira, wadda ita ma tana so, kada a ɗauko yarinya a mayar da ita mai jinya ba albashi.

Ba Baba kaɗai ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan shekara 60 zuwa sama a Gana sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 ɗan sama da dubu 200 ne, ga gidajen gado ana ta sayarwa, 'ya'ya suna watsuwa bayan gari. Iyaye mata ma ina jin tsoron halinsu. Mace tana takaba wata huɗu da kwana goma, gida ya cika ranar uku da bakwai da arba'in, daga nan ƙafa ta ɗauke, ita kuma saura mata wata uku a ɗaki. In ta fara magana ita kaɗai ko ta fita ta ɓata hanya, wani ya fara raɗa cewa mayya ce, alhali likita take bukata da mai zama kusa da ita. Gwaggon nan taka da ta gane ciwon yayanta, ka duba ita wa take gani a yini.

Juma'ar nan ka kai shi Aboabo tun da hantsi. Ka sauke shi ka tafi harkarka, kada ka tsaya a kansa kana duba agogo, ka dawo bayan la'asar. A hanya ka tambaye shi wa da wa ya gani. Ka lura da tuwon da zai ci a daren da yadda zai kwana. Ka sami ɗan littafi kana rubuta awon jininsa safe da yamma, kana sa alama a ranakun da ya fita. Bayan mako huɗu ka tafi da littafin asibiti, da duk magungunansa a leda ɗaya har da na gargajiya, kuma in abokin nan nasa na sahun gaba zai iya, ku tafi da shi.